Takalmin da Muntaka Ya Amsa

Jikata da ke karatu a Damagaram ta zo hutu bara, ta nuna mini wani abu a wayarta: mutane a wani babban ɗaki mai fitilu, kiɗa na tashi daga na'ura, kowa ya karɓi mikro ya ɗora muryarsa a kai. Ta ce sunan abin karawoke, wai sabon yayi ne. Na ce mata sabo dai a wurinki. Mu nan Matameye mun yi shi tun ba a yaye uwarki ba, kuma wanda ya kawo mana shi ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ta yi dariya, ta ɗauka cika bakin tsofaffi ne. Ban ƙara mata komai ba, don ba a ba da labarin Muntaka sai an biyo ta kaina, ni kuwa inda na fito a labarin ba wurin alfahari ba ne.

Muntaka taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, ya girme ni da shekara uku. Tsakaninmu wasa ne tun muna yara: in ɓoye masa hula, ya zuba mini barkono a fura, ba mai kai ƙarar wani. Ni aka kama aka sa lakwal, wato makarantar boko, har na zama malamin lakwal, ina yawo da alƙalami biyu a aljihu. Shi kuwa gona da damina, ci-rani da rani. A yunwar farko, shekarar da sojoji suka karɓi mulki, gidansu suka rasa shanu da awaki kaf, sai ya bi manyan maza zuwa Kano. Ya fara da ga-ruwa. Daga baya ya samu wani mutum mai ba da hayar amsa-kuwwa a wuraren biki da wa'azi, ya zama mai ɗaukar masa batir a ka. Rani biyar yana wannan dako, idonsa a kan hannun maigidansa, har ya san wace waya ke shiga ina. A rani na shida ya dawo gida da manyato, wato rikoda mai cin kaset, da mikro, da amsa-kuwwa ɗaya, da tsohon batirin mota.

Kowa ya ɗauka hayar biki zai yi, kuma ya yi. Amma akwai abin da ya lura da shi a Kano. Ya ce duk inda mawaƙi ke waƙa, in ka zaga baya za ka ji mutane na bin waƙar ƙasa-ƙasa, wasu ma sun fi mawaƙin murya, kunya ce kawai da rashin makaɗi suka hana su. Sai ya samu Tanko mai kalangu da Idi mai gurmi, ya kulle su a ɗakin innarsa, ya rataya barguna a ƙofa, ya kore kaji daga tsakar gida, ya ce su yi ta kiɗa kada wanda ya buɗe baki. Tanko ya yi ta mita, wai kiɗa ba waƙa ai tuwo ne ba miya. Muntaka ya ce miyar tana bakin mutanen gari. Kaset shida ya cika a kwana uku.

A lokacin nan ƙungiyar matasa ta samariya na tashe, kowace unguwa da sarkin samarinta da dandalinta. Hamisu, sarkin samarin unguwarmu, ya ba shi yammacin Asabar, daga la'asar zuwa kiran magariba. Nan aka fara abin da muke kira wasan manyato.

Na ga masu riƙe taro da yawa a rayuwata, har da masu takardar shaida, ban ga wanda ya kama ƙafar Muntaka ba. Tun azahar yake zuwa ya share wuri, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tabarma ɗaya a tsakiya, wurin tsayuwar mai waƙa. Zai gwada batir, ya juya kowane kaset zuwa farkonsa da tsinke don kada a ɓata wa mutane lokaci, ya juya bakin amsa-kuwwa ya ba masallaci baya. Mai ƙarfin hali yake sakawa farko, don ya buɗe wa masu jin kunya hanya, ya ajiye mai daɗin murya zuwa ƙarshe, don a watse da marmari. Waƙa ɗaya kowa yake yi, ko ɗan wane ne. In mutum ya fara zambo ko habaici da sunan wani, sai ka ji mikro ya mutu, Muntaka ya duƙa yana laluben waya yana ba da haƙuri, wai na'ura ce ta yi gardama. In muryar wani ta karye ko baiti ya ɓace masa, ba ya barinsa tsaye shi kaɗai: zai rage mikro, ya ƙara kiɗa, ya ɗaga hannu jama'a su ɗauki amshi da tafi, har mutumin ya sauka kamar da ma nan waƙar ta ƙare. Da ladan ya yi gyaran murya kuwa, ko tsakiyar baiti ne, an kashe.

Sai maganar layi. Tun da bai iya rubutu ba, bai da takardar sunaye. Na ce zan riƙa rubuta masa, ya ce shi ba ya kiran sunan mutum a amsa-kuwwa sai ka ce mai laifi. Dabararsa ita ce takalmi. Duk mai son waƙa zai cire ƙafa ɗaya ya ajiye a jeri gefen tabarma, ya koma ya zauna. Wanda ya sake shawara sai ya zo ya zare abinsa, ba mai tambayarsa. In lokaci ya yi, Muntaka zai ɗaga takalmin da ke biye, ya yi masa ɗan kirari na ban dariya, jama'a su amsa da cewa mai shi ya fito, mai shi kuma ya fito da ƙafa ɗaya a ƙasa, an riga an yi dariyar da ta kore masa tsoro. Wanda bai ajiye takalmi ba, ko duk dandali sun roƙa, ba a kiransa. Abin da Muntaka yake tinƙaho da shi ke nan a duniya, ya sha faɗa mini cewa ba a taɓa kunyata kowa a kan tabarmarsa ba, kuma ba za a fara ba yana da rai.

Shi kansa bai taɓa waƙa ba. In yana magana a mikro kamar kada ya daina, amma ni da na taso da shi na san muryarsa ta waƙa, na ji ta a gona, jakin gidansu ya fi shi. Shekara da shekaru ina tsokanarsa, har na rantse sai na sa shi ya yi waƙa a gaban mutane wata rana.

Matarsa Baiwa 'yar Baba Ummaru ce, wani manomi a ƙauyen da ke bayan Tsauni. Mutum ne mai rumbu uku, wanda ya ciyar da rabin ƙauyensu a yunwar farko, kuma ba a taɓa jin ya nemi ko allura a hannun wani ba. Muntaka na jin kunyarsa fiye da yadda aka saba jin kunyar suruki. Ba ya faɗin sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa. Tsohon ma haka, tun da aka kai Baiwa bai taɓa taka ƙofar gidanta ba.

Shekara goma bayan yunwar farko, ruwa ya sake ɗaukewa. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi fari, ya bushe a tsaye. Maza suka tafi ci-rani tun ba a yi kaka ba, don babu abin girbi. Mata suka fara fito da tasoshin aurensu kasuwa. Ana raba jar dawa ta taimako, layi tun asuba, masu mutunci na aika 'ya'yansu don kada a gan su a ciki. Wasan manyato bai tsaya ba, sai dai takalman da kan kai ashirin sun koma biyar ko huɗu. Mutane na zuwa su zauna kawai, musamman baƙin ƙauye da suka shigo gari neman abin kai wa baka, suna jingine da katangar dandali.

A irin wannan Asabar ce aka ce kumandan, mai mulkin yankinmu, zai zo kallo, don ana neman wanda zai riƙe taron matasan yankinmu a Damagaram. Hamisu ya ari kujeru daga lakwal ɗinmu. Ni na sa babbar riga, na zauna kusa da manya, ina fassara wa kumandan waƙoƙi da Faransanci ba tare da ya tambaye ni ba. Takalma huɗu ne a jeri. Mutum na farko ya yi, na biyu ya yi, tafi ba ƙarfi, mai yunwa ba ya tafi da zuciya ɗaya. Kumandan ya duba agogonsa. Hamisu ya dube ni, ni kuma shaiɗan ya raɗa mini dabara.

Na zaga bayan dandali. Wasu baƙin ƙauye da suka iso a makare suna sallar la'asar a kan yashi, sun ba ni baya, takalmansu a zube gefe. Na duba na zaɓi wanda ya fi kowane lalacewa: takalmin fata ne da aka yi wa ƙasa da tayar mota, dunduniyar ta cinye har ta huje, maɗaurin an ɗaure shi da waya. Na ɗauki ƙafa ɗaya na sa cikin hannun riga. Wato ni, malamin lakwal, mai koya wa yara ladabi, na saci takalmin mutum yana sujada. A raina ina cewa wasa ne, za a yi dariya, baƙauye zai fito ya yi 'yan kame-kame, kumandan ya ji daɗi, taubashina kuma ya rasa yadda zai yi. Na wuce ta gefen tabarma kamar mai gyara riga, na sake shi a gaban na uku.

Muntaka ya duƙa ya ɗauka bai duba ba, hankalinsa na kan kaset. Ya ɗaga shi sama, dandali ya kwashe da dariya tun bai yi magana ba, dariyar da aka yi wata biyu ba a yi irinta ba. Shi ma ya biye musu, ya ce wannan takalmi ya ga duniya, duniya ma ta gan shi. Aka ƙara fashewa. Kumandan ma ya yi murmushi, ni kuwa har da dukan cinya. Sai Muntaka ya juyo da takalmin wajen fuskarsa, ya ga wayar maɗaurin. Jar waya ce, irin ta amsa-kuwwarsa. Daga baya na ji cewa shi ya sayo takalmin daga Kano shekara huɗu da suka wuce, kuma shi ya ɗaure maɗaurin da hannunsa da ya je gaisuwar sallah.

Na ga fuskarsa ta sauya, na bi inda idonsa ya tafi. Can ƙarshen taro, jikin katanga, wani dogon tsoho na tsaye ba takalmi, ƙafa ɗaya a hannunsa, ƙura har gwiwa. Na san shi, na ci tuwon gidansa ranar ɗaurin auren Baiwa. Ya rame har rigar ta yi masa yawa. Ba sai an gaya wa kowa abin da ya taso da Baba Ummaru daga bayan Tsauni a ƙafa ba, ko abin da ya sa bai nufi gidan 'yarsa ba, ya zo ya raɓe cikin baƙi yana jiran a watse ya ga surukinsa a keɓe.

Jama'a kuwa sun riga sun ɗauka: mai shi ya fito, mai shi ya fito. Yara sun fara leƙa ƙafafun mutane suna neman mai ƙafa ɗaya. Da sun kai bayan taro shi ke nan.

Muntaka ya kai mikro baki ya ce, "Ku daina nema. Nawa ne."

Ya tuɓe takalmansa masu kyau ya tura su ƙarƙashin tebur, ya zura wannan a ƙafar dama, ya danna kaset ɗin gurmi, ya hau tabarma. Ya yi waƙa. Waƙar noma ce da kowa ya sani, ya kama ta daga sama inda muryarsa ba ta kai ba, ta tsage, ya sake kamawa ta sake tsagewa. Ba mai rage masa mikro, ba mai ɗaga hannu a ɗauki amshi, don mai yin haka shi ne a kan tabarma. Ni da na san yadda ake yi, na kalli aikin nan shekara biyar, taku uku ne tsakanina da na'urar, ban tashi ba. Mata na riƙe ciki, yara na birgima, duk ido ya dawo kansa. Bai taƙaita ba, sai da ya kai waƙar ƙarshenta, gumi na zuba, idonsa a ƙasa. Da ya sauka na waiga wajen katanga, ba kowa a wurin. Rantsuwata ta cika, na sa Muntaka waƙa, kuma ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta ranar ba.

Bayan magariba na same shi a zaure yana naɗe waya. Na ce masa ni ne. Ya ce ya sani, ya ga hannun rigata. Na jira ya zage ni, ko ya mare ni, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya ce ya zaga tasha da masallatai bai ga tsohon ba, tsohon ya juya ƙauyensu ke nan, bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Ya shiga ciki ya fito da rabin buhun gero, wanda na san shi ne rabin abin da ya rage musu, ya ɗora takalmin a kai.

Ya ce, "Kai ka ɗauko, kai za ka mayar. Geron kuma ka ce Baiwa ce ta aiko wa innarta. Kada ka ambace ni."

Da sassafe na ɗaure kaya a keke. Rabin hanya tura shi na yi saboda yashi. Na iske Baba Ummaru zaune a gindin rumbunsa, rumbunan uku duk a buɗe, ƙafafunsa sun kumbura sun tsattsage. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar ba abin da ya faru, ya tambayi lakwal, ya tambayi mutanen gida. Na faɗi saƙon Baiwa, ya kira matarsa ya ce 'yarta ta yi mata aike, bai kalli buhun ba. Sai na fito da takalmin na ajiye a gabansa, na fara ba da haƙuri. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

Ya ce, "Malam Iliyasu, wannan mai shi ya amsa shi a gaban jama'a, da kunnena na ji. Kada ka mai da shi maƙaryaci."

Ya miƙa hannu bayansa ya ɗauko ɗayar ƙafar, ya haɗa su, ya turo mini.

Ya ce, "Kai masa ɗan'uwan. Ba a yawo da ƙafa ɗaya."

Na tuɓe nawa na ce to ya riƙe waɗannan. Ya dube su, ya dube ni, ya ce sun yi masa kaɗan. Ba su yi masa kaɗan ba. Na mayar da su ƙafata na hau keke, ina kuka kamar yaro har na wuce Tsauni.

Da na ba Muntaka takalman da saƙon, ya daɗe yana juya su a hannu. Asabar ta gaba da su ya zo dandali, da wadda ta biyo baya, da duk Asabar bayan nan, don kada wani ya ce ai ba a taɓa ganinsa da su ba. In sun tsinke ya ƙara waya. Taron Damagaram wani aka ba daga wata unguwa, aka ce ba a tura mai irin wannan shiga gaban manya ba. Gari kuma ya laƙaba masa suna, Mai Tsohon Takalmi, ana cewa duk abin da yake samu a hayar biki rowa ta hana shi sayen na kirki. Yara na bin sa da waƙar noman nan suna tsage murya. Yakan yi dariya ya wuce. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba muddin tsohon na da rai.

Baba Ummaru ya ga damina huɗu bayan nan, rumbunansa suka sake cika, ya rasu da mutuncinsa, ba wanda ya san ya taɓa zuwa Matameye a shekarar yunwa. Daga ranar alkawarina ya sauka. Muntaka ya ƙara shekara ashirin da wani abu a duniya. Wasan manyato ya mutu da zuwan bidiyo, Muntaka ya koma gyaran rediyo a bakin kasuwa, sunan kuwa bai mutu ba. Sau nawa ina zaune a majalisa ana ba da labarin ranar da Muntaka ya yi waƙa, ana dariya, ni ma in yi tawa 'yar dariyar. Kalma goma ta isa in wanke shi ba tare da na ambaci tsohon ba, in ce ni na jefa takalmin wani a layi, shi kuma ya rufa wa mai shi asiri. Ban faɗa ba, don ina darektan lakwal, daga baya kuma ana ce mini Alhaji. Ranar jana'izarsa wani a bayana ya ce Allah ya jiƙan Mai Tsohon Takalmi, na ce amin tare da kowa.

Ban taɓa tambayar kaina abin da Baiwa ta sani ba, sai ka ce akwai 'yar da za ta kasa gane takalmin ubanta a ƙafar mijinta. Shekara ashirin da ɗoriya tana gaishe ni, tana ba ni ruwa in na je gidan, ba ta taɓa canza mini fuska ba. Bayan sadakar bakwai ta aiko mini da ƙunshi a tsohon zane, ba saƙon baki. Na kwance na ga jar waya.

Suna ƙarƙashin gadona tun lokacin. Ana gobe jikata za ta koma Damagaram ta shiga share mini ɗaki, sai ga ta ta fito riƙe da su da yatsa biyu, tana dariya, za ta kai bola. Ta ce, "Kaka, wannan kuma na wane ne?"

Na ce mata nawa ne, ta mayar inda ta gan su.